ARJANTINA: Kakannin da suka ƙi barin jikokinsu a gidajen azzalumai

Ranar 18 ga watan Mayu na shekara ta 1978, a birnin Montebideyo na ƙasar Uruguwai, wasu mutane ɗauke da makamai suka tare Claudio Logares da maiɗakinsa Mónica Grinspon bisa titi, suka cusa su cikin mota tare da ɗiyarsu Paula, wadda saura ƴan kwanaki ta cika shekara 2 da haihuwa. Ma'auratan ƴan Arjantina ne da suka gujo wa mulkin sojan da ya ƙwace iko ranar 24 ga Maris 1976. Aka ƙetara da su gida a ɓoye, kuma har yau ba wanda ya sake jin ɗuriyarsu. Wata guda bayan haka Arjantina ta karɓi gasar ƙwallon ƙafa ta duniya, ta ci kofi, duniya na tafa mata.

Yarinyar ba a kashe ta ba. Wani mataimakin kwamishinan ƴan sanda mai suna Rubén Lavallén, wanda yake aiki a ofishin San Justo inda aka fara tsare iyayen, shi ya kai ta gidansa. Aka yi mata takardar haihuwa ta ƙarya, aka rage mata shekara 2, aka rubuta cewa ɗiyar cikinsa ce. Abu guda ya gagare su: sunanta. Duk wanda suka kira ta da shi ba ta amsawa, dole suka bar mata Paula.

Kakarta ta wajen uwa, Elsa Pavón, ta shiga nema. A lokacin tambayar inda ɗanka yake ma laifi ne, kuma cikin matan da suka fara zagayen dandalin Mayu a 1977, gaban fadar shugaban ƙasa, akwai waɗanda aka sace aka halaka. Duk da haka a watan Oktoba na wannan shekara tsofaffi 12 suka kafa ƙungiyar da duniya ta sani da sunan Kakannin Dandalin Mayu. Sun gane cewa sojojin na barin mata masu ciki su haihu a tsare, sannan a kashe uwar, a ba wani hafsa ko abokinsa jinjirin. Ƙungiyar ta ƙiyasta yara kamar 500 aka ɗauke ta wannan hanya.

A 1980 hoton Paula ya iso hannun kakannin ta hanyar wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Burazil mai suna Clamor. Kafin a yi wani abu, masu riƙon suka sake gida, sawu ya ɓace. Sai a 1983, bayan an lilliƙa hotunan yaran a bangayen birnin Buwenos Aires, wani maƙwabci ya tsegunta inda take. Elsa ta mai da unguwar wajen cefanenta don ta riƙa hangen jikanyarta tana fita zuwa lakkol. Mai karatu ya auna wannan hali: tsohuwa na kallon jininta cikin rigar makaranta, hannunta cikin hannun baƙi, ba ta da ikon kiran sunanta, don kalma guda za ta sa a sake gudu da ita.

Da farar hula suka karɓi mulki a watan Disamba 1983, kakannin suka shigar da ƙara ba tare da jinkiri ba. Nan aka ci karo da babbar matsala. Lavallén yana da takarda mai hatimin hukuma, Elsa kuwa ba ta da komai sai hotuna da rantsuwa. Uwa da uban da za a gwada jininsu da na yarinya babu su. Tsofaffin nan sun riga sun yi ta yawo ƙasashe suna tambayar masana ko jinin kaka zai iya tsayawa a matsayin na uwa. Wata masaniyar ilimin gado ƴar Amurka, Mary-Claire King, da abokan aikinta suka fito da lissafin da ke nuna dangantakar kaka da jika da tabbacin da ya haura kashi 99 cikin 100. Paula ce ta farko da aka tabbatar da asalinta da wannan gwaji. Ranar 13 ga Disamba 1984 kotu ta miƙa ta ga kakarta, tana da shekara 8.

Ranar ba ta zo da guɗa ba. Yarinyar ta yi kuka, ta ƙi tsohuwar, domin an raine ta bisa cewa Lavallén ne ubanta. Sai da aka nuna mata hotunanta na jarirantaka, aka tuna mata yadda take kiran mahaifinta da bakin yarinta, sannan ta fara saukowa. Akwai mutane a Arjantina, har da alƙalai da ƴan jarida, da suka ce a bar yaran inda suka saba, raba su da masu riƙonsu wani zalunci ne na biyu. A ganinmu wannan magana ba ta da tushe. Wanda ya yi aiki a gidan da aka azabtar da uwa, ya ɓoye wa ɗiyarta sunan ubanta da ranar haihuwarta, ba a kiran abin da ya yi riƙo. A nan gida ma malamanmu sun san Risala ta Ibn Abi Zaid ta ba kaka haƙƙin reno in uwa ta rasu, tun kafin inna.

Abin da ya biyo baya ya wuce gidan Elsa. A 1987 aka kafa rumbun ajiyar jinin iyalan waɗanda suka ɓace, don ko kaka ta rasu shaidarta ta tsaya. Dokokin afuwa na 1986 da 1987 sun wanke sojoji daga laifuka da dama, amma ba su haɗa da satar yara ba, kuma ta wannan ƙofa aka sake kama Janar Videla a 1998. A 2012 aka yanke masa shekara 50, ya mutu a kurkuku a 2013. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, tana ɗauke da aya ta 8 mai kare sunan yaro da ƙasarsa da danginsa, kuma matsin waɗannan tsofaffi ne ya sa ta a ciki.

Shugabar ƙungiyar, Estela de Carlotto, ta jira shekara 36 kafin ta rungumi ɗan da ɗiyarta Laura ta haifa a tsare. A watan Agusta 2014 ne ya bayyana, makaɗi, bayan ya kai kansa a gwada jininsa. Shi ne na 114. A watan Yuli 2025 aka sanar da na 140. Chicha Mariani, ɗaya daga cikin tsofaffi 12 na farko, ta rasu a 2018 tana da shekara 94, ba ta ga jikanyarta Clara Anahí ba, wadda aka ɗauke a watan Nuwamba 1976 tana jinjira ƴar wata 3.