Mai Son Kalangu, Ya Fara Da Kuntuku

Da yamma, idan rana ta yi sanyi a Birniwa, da wuya ka ratsa unguwa ba ka ji yara suna dukan tsohuwar jarka ko gwangwanin madara ba. Yawancinsu surutu kawai suke yi. Amma a cikin goma akan sami ɗaya wanda in ka tsaya ka kasa kunne, za ka ji hannunsa ba ya sauri ba ya jinkiri, kuma sauran yaran shi suke bi ba tare da sun sani ba. Irin wannan yaro, da a gidan makaɗa aka haife shi, da tuni an rataya masa kuntuku a wuya. Saboda shi da ire-irensa, da manyan da sha'awar kiɗa ta kama su da rana tsaka, nake wannan rubutu.

Abu na farko da mai koyo zai sani shi ne kalmar "ganga" jakar magori ce. Hausawa sun raba kayan kiɗa bisa sana'a da matsayi. Kalangu na mahauta ne tun asali, daga nan ya bi 'yan dambe zuwa fage, ya shiga dandalin 'yan mata da gidajen biki. Gangar noma ta manoma ce, ita ke zuga samari ranar gayya. Dundufa ta maƙera ce. Kotso da taushi da jauje na fada ne. Tambari kuwa na sarki ne shi kaɗai, ana buga shi a lokutan sarauta kamar naɗi da salla, kuma a masarauta irin ta Haɗeja ba wanda zai wayi gari ya ce yau tambari yake son koyo. Mata suna da ƙwaryarsu, wadda marigayiya Barmani Choge ta fito da ita daga tsakar gida ta kai ta gidajen rediyo da talabijin. Ƙasar Birniwa ma ta fi wasu wurare sa'a, don Bahaushe da Bamange da Bafulatani kasuwa ɗaya suke ci, saboda haka kunnen yaro yana tashi da kiɗa fiye da iri ɗaya.

Kusan duk wanda ya zo koyo kalangu yake so. Shi ne mai farin jini, shi ne aka ji a bayan muryar Alhaji Mamman Shata har ya rasu a 1999. To amma ba da shi ake farawa ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke fasawa.

Na taɓa zama kusa da wani dattijon makaɗi wani saurayi ya zo masa da wannan buƙata. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, kalangu nake son ka koya mini." Tsohon bai ce masa komai ba, sai ya miƙa masa kuntuku da 'yan sanduna biyu, ya buga masa wani ɗan gajeren kiɗa, bugu uku da ɗan hutu, ya ce, "Riƙe mini wannan, ɗana. Kada ka ƙara, kada ka rage." Shi kuma ya ɗauki kalangunsa ya shiga yawo a kan kiɗan, ya hau nan ya sauka can. Ba a yi minti biyu ba saurayin ya saki nasa ya bi na tsohon. Aka tsaya, aka sake. Ya sake bin sa. Tsohon ya yi dariya ya ce, "In na tafi yawo na dawo, a ina zan sami gida in kai ma ka biyo ni?"

Darasin ke nan gaba ɗaya. Kiɗan Hausa aikin taro ne. Ƙananan ganguna, wato kuntuku da ɗan karɓi a ƙungiyar kalangu, ko kazagi a bayan gangar noma, su ne ke riƙe da ma'auni, babban makaɗi kuma ya dogara da su ya yi magana. Wanda bai iya tsayawa a kan bugu ɗaya na tsawon waƙa guda ba, alhali wani kiɗan daban yana kaɗawa a kunnensa, bai isa a ba shi babbar ganga ba. Yaran gidan makaɗa sukan shekara da shekaru a wannan mataki, suna ɗaukar kaya, suna amshi, suna sauraro. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ɗan gado ne, kuma a bayan mahaifinsa da yayansa ya yi ta bi tun daga kiɗan noma kafin ya zama shugaban ƙungiyarsa ta kotso.

Sai maganar kalangun kansa, in lokaci ya yi. Icce ne da masassaƙi ya fafe, mai siririn ƙugu da baki biyu, an rufe kowane baki da fata mai laushi, sannan tsarkiya ta haɗa bakin nan da wancan. Ana rataya shi a kafaɗa ya zauna a ƙarƙashin hammata, a buga da gula, wato ɗan sanda mai lanƙwasasshen kai. In ka matse tsarkiya fata ta ɗaure, murya ta hau sama. In ka saki, ta sauko. Sirrin ke nan da ya sa ake cewa kalangu yana magana, domin Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya. Ɗauki kalmar "kuka". In kukan yaro kake nufi, gaɓoɓin biyu duk a sama suke. In bishiyar kuka ce, ta farko a sama, ta biyu a ƙasa. A kalangu, na farko matsa ka buga sau biyu, na biyu kuwa matsa ka buga, saki ka buga. Mai koyo ya fara da sunansa, da sunan garinsu, da gaisuwa, yana faɗa da baki yana bi da gula har wanda ke ɗaki ya gane abin da ya ce. Dangin kalangu a Afirka ta Yamma duk haka suke aiki: dundun na Yarabawa, lunga na Dagomba a Gana, tama na Senegal.

Kuskuren sabon hannu guda biyu ne, kuma kullum su ne. Yana damƙe gula kamar zai sare itace, sai sauti ya fito a mace, alhali so ake a riƙe ta sako-sako, wuyan hannu ya yi aikin, kan gula ya taɓa fata ya tashi. Sannan yana mantawa da hannun da ke matsa, wanda shi ne harshen gangar.

Daga nan sai take. Kowane sarki, kowace sana'a, kowane ɗan dambe da ya yi suna yana da takensa, kuma makaɗin da bai san su ba kamar ɗan aike ne da bai san gidajen gari ba. Take ba a rubuce yake ba, a bakin tsofaffi da hannunsu yake. Masana sun yi ƙoƙari: David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kiɗan Hausa a 1971, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya rubuta tarihin makaɗa da mawaƙa masu yawa. Littafi zai gaya maka sunan ganga da wanda ake yi wa ita. Yadda za ka buga wa mahauci takensa har tsigar jikinsa ta tashi, wannan sai a gaban mai shi.

Kula da kaya ma wani ilimi ne, musamman a ƙasarmu. Da damina, ga raɓa ga danshin fadamar kogin Haɗeja, fata takan saki, murya ta dushe, sai an shanya ganga a rana ko an ɗan gasa ta nesa da wuta. Da hunturu kuma ta bushe ta ɗaure, bugu ɗaya na ganganci ya fasa ta. A rataye ta a sama, don ɓera da gara ba su san darajar fata ba.

Na san akwai masu cewa kiɗa sai ɗan gado, akwai kuma iyayen da ba sa son ɗansu ya kusanci roƙo, wasu don addini, wasu don gudun a raina gida. Wannan magana ce da mai koyo zai warware da iyayensa tun kafin ya sayi gula, ba a ɓoye ba. Amma batun gado, Shata kansa haye ya yi, ba a gidansu ya tarar da waƙa ba. Abin da ya fi damuna shi ne 'yan gadon ma suna barin sana'ar, tunda yanzu fiyano ɗaya a situdiyo a Kano tana kwaikwayon ƙungiya guda, gidan biki kuma an koma kunna waƙa a lasifika. Fiyano takan kwaikwayi sautin kalangu, amma ba ta ganin wanda ya shigo fage balle ta sauya masa kiɗa.

Wayar da ke hannunka tana da amfani: ɗauki kiɗan malaminka, in ya yarda, ka yi ta saurare kana bi a cinyarka. Kaka na zuwa, za a buɗe fagagen dambe a ƙauyuka bayan an ɗaure gero. Je ka tsaya bayan makaɗa, kada ka kalli 'yan wasa, ka kalli yaron da ke riƙe da ƙaramar ganga. In an tashi, ka gai da babbansu, ka nemi ya bar ka ka ɗaukar masa kaya.