Fatoman Zamani: Me Hidimar "Kyauta" Ta Katin Banki Ke Tsinana Wa Ɗan Kasuwar Abuja?

ABUJA — Ranar 8 ga watan Maris na shekarar 2017 aka rufe filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe domin gyaran hanyar saukar jirage, aka karkatar da zirga-zirga zuwa Kaduna har na tsawon mako shida. Duk ɗan kasuwar da tafiya ta kama shi a wannan tsakani bai manta da irin ɗawainiyar da aka sha ba. Akasarin kamfanonin jiragen ƙasashen waje sun ƙi sauka Kaduna, in ban da irin su kamfanin Habasha, saboda haka wanda ya riga ya yanki tikiti tilas ya nemi kujera zuwa Legas, ya ɗage ranar tashinsa, ya ɗage ranar shiga masauki a can inda za shi, sa'an nan ya sanar da abokan cinikinsa. Aiki ne da kan cinye wuni guda cur a kan waya.

Domin irin wannan rana ne kamfanonin katin biyan kuɗi suka ƙago wata hidima da suke haɗawa da manyan katunansu, wadda a takardun banki ake rubuta sunanta da kalmar Faransanci, concierge. A harkar otal kalmar tana nufin ma'aikacin nan da ke zaune a zauren babban otal yana yi wa baƙi jagora. A harkar kati kuwa ma'anarta ita ce wata lambar waya, ko wani ɓangare na manhajar banki, inda mai kati zai yi magana dare ko rana ya ce a nemo masa jirgi, ko ɗakin otal, ko mota da direba, ko tafinta, ko likita a garin da bai san kowa ba. Nemowa da kamawa ba a biyan ko kwabo a kansu. Kuɗin abin da aka kama kuwa daga katin ake cirewa.

Ga Bahaushe wannan ba baƙuwar sana'a ba ce. Fataken da suka riƙa bin hanyar Gwanja sayen goro ba su shiga Salaga da ka. Wurin fatoma suke sauka. Shi ne zai ba su ɗaki da abinci, ya adana musu kaya, ya haɗa su da dillali, in kuma ciniki na bashi ne ya tsaya musu. Haka masu gidajen Sabon Ibadan suka riƙa yi wa masu shanu da masu goro, kamar yadda masanin nan Abner Cohen ya bayyana cikin littafinsa na shekarar 1969. Abin lura a nan shi ne, fatoma ba ya cewa baƙo ya biya kuɗin ɗaki, amma fa ba sadaka yake yi ba, domin la'adarsa tana cikin cinikin. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin sha'anin katin.

Shi kansa katin ya faro ne a Amurka da Diners Club cikin 1950, American Express ta biyo baya a 1958. A shekarar 1984 kamfanin ya fito da katin Platinum a kan dala 250 a shekara, sa'an nan a 1999 ya fito da baƙin katin nan mai suna Centurion wanda sai an gayyaci mutum yake samu. Daga nan Visa da Mastercard suka bi sahu da nasu, watau Visa Infinite da World Elite. A shekarar 2025 kuɗin shekara na Platinum a Amurka ya kai dala 895. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna wa mai karatu nauyin kalmar "kyauta" a bakin ma'aikacin banki.

A Nijeriya labarin ya ɗan bambanta. Duk da cewa shirin rage amfani da tsabar kuɗi na Babban Banki, wanda aka soma a Legas cikin 2012, ya iso Abuja da Kano tun watan Yulin 2013, katin da ke aljihun yawancin jama'a na cire kuɗin mutum ne na kansa, ba na bashi ba. Katin bashi na sosai bai yawaita ba, kuma dalilan a fili suke: kuɗin ruwa yana da tsada, domin ma'aunin Babban Banki kansa ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, ga kuma ɗimbin 'yan kasuwarmu da ke gudun riba saboda addini. Sai dai hidimar da muke magana a kai ba ta rataya ga bashi ba, ga darajar katin ta rataya. Wasu manyan bankuna suna ba da irin waɗannan katuna a kan asusun dala na mai ajiya, wanda ke nufin mutum na iya samun hidimar ba tare da ya ci bashin kowa ba. Ba abin mamaki ba ne a sami alhajin da ya shekara biyu da irin wannan kati yana cire kuɗi da shi kawai, bai taɓa juya bayansa ya duba lambar ba.

To, ina amfaninta yake? Amsar ita ce, a nesa da gida. A ɗauka ɗan kasuwar Wuse ne mai shigo da kayan lantarki zai halarci bajekolin Guangzhou a ƙasar Sin, wanda ake yi sau biyu a shekara, wajejen Afrilu da Oktoba. A lokacin nan otal-otal kan cika, farashi ya hau, ga matsalar harshe. Maimakon ya kwana yana lalube, sai ya faɗi ranakunsa da iyakar abin da zai iya biya da nisan da zai iya jurewa daga filin bajekoli, ya koma shagonsa, a kawo masa zaɓi biyu ko uku a rubuce. In jirginsa ya makara a Addis Ababa ya rasa na gaba, akwai wanda zai riƙe waya a madadinsa yayin da shi yake kan layi. In ciwo ya kama shi da tsakar dare, akwai wanda zai gaya masa asibitin da ake jin Turanci. In kati ya ɓace, ana iya toshe shi a shirya masa wani na gaggawa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin mutum ya yi da kansa. Abin da ake saya masa lokaci ne da kwanciyar rai, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa sanin kuɗin wuni guda.

Har ila yau, ga ƙaramin kamfanin da ba shi da halin ɗaukar sakatare na musamman domin shirya tafiye-tafiye, wannan hidima tana iya toshe wata kafa. Babban ɗan kwangila na Maitama mai ma'aikata a ofis da wakili a filin jirgi shi ne ya fi samun katin cikin sauƙi, kuma shi ne mafi ƙarancin bukatarsa. Wanda zai fi cin moriya shi ne matsakaicin ɗan kasuwa mai fita sau huɗu ko biyar a shekara, wanda shi ne manaja, shi ne akawu, shi ne ɗan aiken kansa.

Amma da zarar an dawo cikin Abuja sai ƙarfin abin ya ragu ƙwarai. Bankuna ba su ne ke amsa wayar ba. Akan ba da aikin ne kwangila ga kamfanoni na musamman, irin su Ten Lifestyle na birnin London ko Aspire Lifestyles, kuma mai amsawar yana iya kasancewa a wata ƙasa yana duba kwamfuta. Abin da ke cikin kwamfutar zai iya kama maka: ɗaki a Transcorp Hilton, ko kujera a jirgin Legas. Abin da ba ya ciki kuwa, kamar gidan saukar baƙi mai tsafta a Gwarimpa, ko amintaccen direban da zai kai ka Kaduna ya jira, ko mai abincin da zai ciyar da mutum ɗari biyu ranar ɗaurin aure, wannan sai ɗan gari. Ba zai kama maka ganawa da darakta a Sakatariyar Tarayya ba, ba zai fito maka da kaya daga hannun kwastam ba. Kowa ya san a wannan birni lambar waya guda ta mutumin da ya san mutum ta fi tsarin kwamfuta sauri. A nan fatoman dauri ya yi wa na zamani fintinkau, domin shi ya san gari, kuma yana sa mutuncinsa a cikin cinikinka. Na zamani ba ya lamunce maka komai. In otal ya saɓa alkawari, iyakarsa ya nema maka wani.

Haka kuma ba shi da ta cewa a kan hukuncin gwamnatoci. Lokacin da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Nijeriya biza a 2022, kamfanin Emirates kuma ya dakatar da zuwa saboda kuɗaɗensa da suka maƙale, babu katin da ya buɗe wa kowa hanyar Dubai, sai da gwamnatocin biyu suka daidaita a 2024. Yana iya gaya maka takardun da ofishin jakadanci ke bukata, amma biza ba a hannunsa take ba.

Sai batun canji, wanda shi ne ƙashin bayan lissafin. A shekarar 2022 bankuna da dama sun rage abin da katin Naira zai iya saya a waje zuwa dala 20 a wata, daga bisani suka rufe gaba ɗaya, ba a soma buɗewa ba sai tsakiyar 2025, shi ma da iyaka. Mai hidima yana iya samo maka ɗaki mafi kyau a Istanbul, amma in katin ya ƙi biya, an yi ba a yi ba. Don haka wajibi ne mutum ya san iyakar da bankinsa ya sa masa da kuma farashin da zai canza masa dala kafin ya dogara da shi.

Ita kuwa la'adar fatoma, ta hanya uku take fita. Akwai kuɗin shekara, ko sharaɗin ajiye wani adadi mai kauri a asusu wanda da yana juyawa a kasuwa. Akwai kason da ake yanka daga ɗan kasuwar da aka biya da kati, wanda a Amurka kan kai kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, shi kuma ya mayar da shi kan farashi. Akwai kuma kuɗin ruwa ga mai katin bashi da bai biya a kan lokaci ba. Bugu da ƙari, zaɓin da za a kawo maka yakan karkata ga otal-otal da kamfanonin da suke da yarjejeniya da su, waɗanda ba lalle su ne mafi araha ba. Mai hankali yakan faɗi iyakar kuɗinsa tun farko, ya kuma gwada farashin da aka ba shi da na wakilin tafiye-tafiyensa na Garki kafin ya ce a cire.

Wani abin da ba a cika tunawa ba shi ne sirri. Wanda ya shirya maka tafiya ya san lambar fasfonka, ya san ranar da gidanka zai zama babu kai, ya san garin da kake sayo kaya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba mai kati haƙƙin ya tambayi inda ake ajiye waɗannan bayanai da wanda ake ba su. Sa'an nan a kiyayi 'yan damfara masu bugo waya da sunan hidimar: na gaskiya ba ya tambayar lambar sirrin kati, ko lambar nan ta wucin gadi da banki ke aikowa ta waya.

Ga wanda ke da irin wannan kati a aljihu, gwajin ba shi da wuya. Kafin tafiya ta gaba ya buga lambar daga nan Abuja, ya ga ko tana shiga, ko kuɗin kiran ƙasar waje ake ci, da kuma minti nawa ake ɗauka kafin mutum ya amsa. Ya ba su ƙaramin aiki mai ranar ƙarewa, kamar nemo otal uku kusa da inda zai yi ciniki, ya ce a aiko masa a rubuce. In amsa ta zo cikin wuni guda kuma farashin bai wuce na wakilinsa ba, ya ajiye lambar a wayarsa da kuma takarda dabam cikin jakar fasfo. In ba ta zo ba, ya je wurin jami'in da ke kula da asusunsa ya tambayi nawa ne kuɗin shekarar katin da ke ƙasa da nasa.