Filin Manoma: Ragon Layya Ya Sha Gata, Kare Fa?

Jama'a, a wannan mako za mu ajiye zancen iri da taki, mu juya kan dabbobinmu na gida da kuɗin da muke kashe musu. Wanda duk ya zauna a ƙasar Gobir, tun daga Sabon Birni har Isa da Tozai da ƙauyukan da ke bakin Gulbin Rima, ya san da wuya a shiga gida ba a tarar da akuya ko tunkiya a turke ba. Dabba ita ce asusun talaka. Da ita ake biki, da ita ake suna, ita ake kaiwa kasuwa in rumbu ya yi ƙasa kafin kaka. To, abin tambaya shi ne, kuɗin da muke zubawa a kan wannan asusu, muna zuba shi inda ya kamata kuwa?

Inda kuɗin ke tafiya

Ku dubi ragon layya. Tun da sauran wata 4 ko 5 Babbar Salla ake ɗaure shi a inuwa, a saya masa dusa da kowa da harawa da kanwa, a wanke shi, har a shimfiɗa masa rairayi. Dokin sarauta ma haka, ga hatsi ga bargo. Sa na huɗa kuwa ba a wasa da cikinsa, don an san ranar da za a neme shi. Wannan duka daidai ne, babu mai ƙi. Amma a wannan gida ɗin za ka ga kare kwance a ƙofa, shi ke gadi da dare, shi ke bin garke, shi ke zuwa farauta da rani, ba a taɓa kashe masa ko kwabo ba. Kajin gidan ma sai abin da suka tona.

A ƙasashen Turai da Amurka lamarin ya sha bamban. A Amurka kawai, abin da mutane ke kashewa a kan karnuka da kyanwoyi da sauran dabbobin sha'awa ya wuce dala biliyan 100 a shekara, wajen abinci da magani da kuɗin likita. A manyan garuruwanmu ma, kamar Kano da Kaduna da Abuja, an fara samun shagunan abincin karnuka da asibitocin dabbobi na kuɗi. Ba mu ce manomin Tozai ya yi koyi da wannan ba, shi da ke lissafin mudun gero. Abu ɗaya dai za mu ɗauka daga wurinsu, watau sun gane kuɗin allurar rigakafi shi ne mafi araha cikin duk kuɗin da ake kashe wa dabba, kuma shi ne ke tsare mai dabbar da 'ya'yansa.

Darasin bushiya

In wani yana shakkar amfanin allura, ya tambayi tsofaffin Fulani labarin bushiya. Wajen shekarar 1890 wannan cuta ta ratsa ƙasar Hausa ta share mafi yawan shanun da ke cikinta, masu garke suka wayi gari da sanda kawai. Saboda ita ne aka kafa ɗakin binciken cututtukan dabbobi na Vom, kusa da Jos, a 1924. A 1962 kuma ƙasashen Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka haɗa kai suka fara wata babbar allura ta gayya, malaman dabbobi suna bin ruga ruga da mashaya mashaya, suna yi wa shanu allura suna yanka musu alama a kunne. Cutar ta lafa ƙwarai, har mutane suka ɗauka ta tafi ke nan.

Da aka yi sakaci da allurar maruƙan da aka haifa daga baya, sai ga ta ta komo a 1983, ta kashe dubban ɗaruruwan shanu a Arewa. Aka sake ɗaura ɗamara, ba a kuma sassauta ba, har a 2011 aka yi shelar cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya. Ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya taɓa gamawa da ita, bayan agana. Darasin a nan biyu ne. Na farko, allura tana aiki. Na biyu, allurar shekara ɗaya ba ta isa ba, sai an dage, kuma sai maƙwabci ya yi, don cuta ba ta san iyaka ba. Mu da shanunmu ke shiga ƙasar Maraɗi da damina su dawo da rani, mu ya fi kamata mu riƙe wannan.

Yanzu akwai ƙanwar bushiya da ke kama awaki da tumaki, wadda likitoci ke kira PPR. Alamunta zazzaɓi, majina da kwantsa, gyambo a baki, tari, sa'an nan zawo mai wari. Takan shigo gida ne ta hanyar dabbar da aka sayo a kasuwa aka haɗa da na gida nan take. Allurarta guda ɗaya tana tsare akuya shekara 3 ko fiye, kuma ƙasashen duniya sun yi alkawari a birnin Abijan a 2015 cewa za su ga bayanta kafin 2030. Jar akuyarmu ta Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har Turai tun zamanin ayarin raƙuma, ta cancanci wannan allura guda.

Haukan kare

Mu koma kan karen nan na ƙofar gida. Ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara a duniya, bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, galibinsu a Afirka da Asiya. Kusan duka daga kare suke samunsa, kuma 4 cikin kowane 10 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Dalili kuwa a fili yake: yaro shi ke wasa da kwikwiyo, shi ke jifan baƙon kare, in an cije shi kuma yakan ɓoye don tsoron duka.

Ƙwayar cutar tana cikin yawun kare. In ta shiga rauni sai ta bi jijiya a hankali tana nufar ƙwaƙwalwa. Takan yi wata 2 ko 3 a hanya, wani lokaci mako 1 kawai, wani lokaci har shekara. A nan yaudarar take. Raunin zai warke sarai, kowa ya manta, mai maganin gargajiya ya ce aikinsa ya ci. Ranar da alamu suka bayyana, watau zafin jiki, firgita, dalalar yawu, da tsoron ruwa ko da ƙishirwa na kashe mutum, to, magani ya ƙare, sai dai addu'a. Amma kafin alamu su fito, ana iya tare ta gaba ɗaya. Tun 1885 wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, ya ceci wani yaro da allura bayan mahaukacin kare ya cije shi.

Na taɓa zuwa wani ƙauye duba gonar gwaji, na iske ana ɗaure wa wani yaro ƙafa da tsumma da garin magani, kare ya cije shi da safe, an kuma riga an kashe karen an jefar. Na ce wa uban, "Baba, a kwance wannan ɗauri a wanke, a kai shi asibiti yau." Ya ce, "Malam, ai ɗan ƙwarzane ne, ga kuɗin mota, ga hanya ba lafiya." Gaskiya ya faɗa game da hanya. Amma na tambaye shi nawa ya kashe wa ragon da ke ɗaure a bayansa cikin watan nan. Ya yi shiru, can ya ce a kira mai babur.

Ga abin da za a yi in kare ya ciji mutum:

1. A wanke raunin nan da nan da ruwa mai yawa da sabulu, har minti 15. Wannan wanki kaɗai yana rage haɗari ƙwarai.
2. Kada a ɗaure raunin tam, kada a cusa masa toka ko gari ko gashin karen.
3. A kai mutumin asibiti a ranar, a faɗi cewa cizon kare ne, a karɓi allurai, a kuma cika su duka a ranakun da aka sa.
4. In karen na gida ne kuma ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba, a ɗaure shi kwana 10 ana dubawa, a sanar da malamin dabbobi. Amma kada a jira kwana 10 ɗin kafin a je asibiti.

Maganin abin tun daga tushe shi ne allurar karen kansa. Ana yi wa kwikwiyo in ya kai wata 3, a riƙa maimaitawa kowace shekara. Masana sun tabbatar in an yi wa karnuka 7 cikin 10 na gari allura, cutar ba ta samun hanyar yawo. Kuɗinta bai kai na buhun dusa ba, wani lokaci ma hukuma kan yi ta kyauta, musamman wajen 28 ga Satumba, ranar da duniya ta keɓe don wannan ciwo. Malamai sun sanar da mu an yarda a ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona. Wanda ya ajiye shi kuwa, haƙƙin maƙwabta yana wuyansa.

Wuƙar gaggawa

Akwai wata al'ada da ke cutar da mu. Da an ga saniya ta faɗi tana shure-shure, sai a ruga da wuƙa don kada ta zama mushe, a feɗe, a kasa, a sayar da araha. Asarar saniya ba ƙaramin abu ba ne, mun sani. Amma akwai ciwon saifa, wanda ke kada dabba farat ɗaya tana tsakiyar kiwo. Alamunsa: baƙin jini yana fita ta hanci da baki da dubura, jinin ba ya daskarewa, gawar ba ta sandarewa, ciki ya kumbura da wuri. Mai fiɗa, da majemi, da wanda ya ci naman, duk suna iya kamuwa. A fata yakan fito kamar ƙurji mai baƙin tsakiya, a ciki kuwa yana kisa.

Irin wannan gawa ba a buɗe ta ko kaɗan, domin in jinin ya sha iska ƙwayar cutar takan yi wa kanta ɓawo ta zauna a ƙasa shekaru da yawa tana jiran wata dabbar. A ƙone ta, ko a haƙa rami mai zurfin ƙafa 6 nesa da rijiya da fadama a binne ta da fatarta da ƙasar da jinin ya zuba. Kada a ce wannan labarin da ne. A watan Yuli na 2023 hukuma ta tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja. Allurarsa sau ɗaya ce a shekara, kafin ruwa ya sauka, ana kuma yin ta a Vom, tare da ta harbin daji da ta ciwon huhu.

Nono ma a tafasa shi kafin a sha ko a kwantar da shi. Tarin fuka na shanu da bakkale, ciwon da ke sa saniya ɓari, duka suna bin ɗanyen nono su shiga mutum. Wanda zai taɓa ɗan da aka ɓarar ko mahaifa, ya sa hannunsa cikin leda, ya binne su, ya wanke da sabulu.

Maganin kasuwa

Yau a kowace kasuwa, har ta Shinkafi ta ranar Alhamis, za ka ga kwalaben maganin dabbobi a shimfiɗe cikin rana, kowa ya zama likitan garkensa. A nan kuɗi mai yawa ke salwanta. Maganin da rana ta dafa ya rage ƙarfi, wani kuma jabu ne tun asali. Wanda ya yi rabin awo don tsimi, ya koya wa cutar jure magani ne kawai. Allurar rigakafi kuwa in ba a cikin sanyi aka ajiye ta ba, ruwa ce. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a kuma karanta kwanakin da aka hana yanka ko tatsa bayan magani. Wasu allurai sai an yi mako 3 ko 4 kafin naman ya dace da ci.

Mun san rashin zaman lafiyar shekarun nan ya kwashe garkuna da yawa a gabashin Sakkwato, ya raba mutane da ƙauyukansu, ya kuma hana malaman dabbobi shiga wurare da dama. Dabbobin da suka rage sun cunkushe a cikin gari tare da mutane, wanda ke sa cuta saurin yaɗuwa. Saboda haka sai an tashi an nema. Masu unguwanni da sarakunan pawa da arɗo-arɗo su haɗa sunayen masu dabbobi, su je sashen dabbobi na ƙaramar hukuma a Isa ko Sabon Birni su nemi a sa musu rana. Kwalba ɗaya ta allurar awaki tana isar dabba 50 ko 100, kuma in an buɗe ta ba ta kwana, don haka taruwa wuri ɗaya shi ne sauƙi ga kowa. Ciwon da ya gagara kuma, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

To, jama'a, ranar da za ku auna dusar rago, ku ware kuɗin mudu kaɗan ku ce wannan na allura ne: na awaki, na shanu, na kaji, da na karen ƙofar gida. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi bayanin yadda ake adana harawa da karmami don su kai dabba har bazara. Allah ya tsare mu da dukiyarmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.

Daga Malamin Gona, Isa.