SUKUWA TA MATSO: WANE DOKI NE ZAI RIGA?

Damina ta ɗauke, an yanke gero, an ɗora harawa bisa rumfuna, to, lokacin masu dawaki ya zo ke nan. Daga yanzu har zuwa bazara za a riƙa jin labarin sukuwa a Sakkwato da Katsina da Kano, da kuma hayin iyaka a Maraɗi da Damagaram da Yamai. A ƙasar Talatar Mafara da Bakura da Maradun kuwa, inda hawan doki ya zama gado tun zamanin sarakunan Zamfara, duk inda ma'abota dawaki suka zauna gardamarsu ɗaya ce, watau wane doki ne zai riga in an sake su.

Galibin mutane in an tambaye su sai su nuna dokin da ya fi tsawo, ko wanda aka fi kashe wa kuɗi. Wannan hukunci yana da tsada ƙwarai, domin da shi ne mutum kan sayar da hatsinsa da shanunsa ya sayi dokin da ba zai kai masa damina biyu ba. Saboda haka ya kamata a dubi masu karawan ɗaya bayan ɗaya tun ba a kai filin ba. Iri huɗu ne ake gani a filayen Arewa: dokin Ingila, da ɗan Sudan, da ruwa-biyu, da ɗan Arewa.

DOKIN INGILA

Shi ne wanda Turawa ke kira Torobired, ma'ana mai tsantsar asali. Dogo ne, tsayinsa daga kofato zuwa kafaɗa ya kan kai santimita 160 ko fiye, ga faɗin ƙirji, ga siraran ƙafafu, ga tsawon taki. A fagen sauri babu gardama a kansa. A shekarar 1973 wani irinsa mai suna Secretariat ya yi gudun mil ɗaya da rabi a Amurka cikin minti 2 da daƙiƙa 24, watau kimanin kilomita 60 a sa'a ɗaya, ya bar na biyu a baya da tsawon doki 31. A 1981 kuma Shergar, dokin Aga Khan, ya ci babbar sukuwar Darbi ta Ingila da tazarar tsawon doki 10.

Abin mamaki, asalin wannan doki ba na Ingila ba ne. Duk wanda ke raye a cikinsu yau, in aka bi salsalarsa ta wajen uba, sai ta tsaya ga ɗayan ingarmu uku da aka kai can daga ƙasashen Musulmi. Na farko shi ne dokin Byerley, wanda ake dangantawa da Turkawa, ya isa wajen ƙarshen ƙarni na 17. Na biyu dokin Darley, wanda aka sayo a Halab ta ƙasar Sham a 1704, kuma kusan 95 cikin 100 na dawakin tseren yau zuriyarsa ne ta wajen uba. Na uku dokin Godolphin, wanda ya biyo ta Tunis da Faransa kafin ya isa Ingila, har waɗansu masana suna cewa daga dawakin Barbar na Magrib yake. In haka ne kuwa, to shi da dawakin ƙasar Hausa dangi ne, gama su ma jinin Barbar ne ya ƙetaro Sahara da su.

Amma fa wannan gwarzo yana da lago. Fatarsa sirara ce, ƙafarsa ba ta jure ƙasa mai tauri, cikinsa ba ya son a sauya masa abinci farat ɗaya, zafin bazara kuma yana karya shi. Mafi muni duka ita ce annobar dawakin Afirka, wadda waɗansu 'yan ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa daga faɗuwar rana zuwa wayewar gari, musamman a wurare masu damshi. Ga dokin da jininsa bai saba da ita ba, takan kashe har 90 cikin 100 na waɗanda ta kama, kamar yadda ta halaka ɗaruruwan dawaki sa'ad da ta ɓulla a ƙasar Tailan a 2020. Wannan magana ta shafi mutanen nan ƙwarai, domin tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, fadamun Maradun da Mafara da Bakura suna da ruwa rani da damina. Abin da ya zama albarka ga mai shinkafa, shi ne abin tsoro ga mai baƙon doki. Wanda zai ajiye shi a nan sai ya tanadi rigakafi, da barga mai raga nesa da ruwa, da likitan dabbobi a kusa.

ƊAN SUDAN

Na biyu a daraja wajen 'yan sukuwa shi ne ɗan Sudan, wanda fatake ke kawowa ta hanyar Cadi da Barno. Ƙasar Sudan ta daɗe da shahara da dawaki, daga can ne irin Dungula ya sami sunansa, mai gantsararren karan hanci da dogayen ƙafafu, wanda jininsa ya bazu har Barno. A cikin ƙarni na 20 aka riƙa haɗa goɗiyoyin can da ingarmun Larabawa da na Ingila, har aka sami dokin tsere na yankin Hartum wanda suke ce wa Taulid. Don haka ɗan Sudan na ƙwarai ya fi ɗan Arewa tsawo da sauri, sa'an nan ya fi dokin Ingila jure rana, tun da cikinta aka haife shi.

Aibinsa biyu ne. Na ɗaya, tafiyar da yake yi kafin ya iso doguwa ce, ya kan zo a rame, kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya ƙara wa hanyar wuya. Dokin da ya sauka a makon jiya ba ya da abin yi a fili a makon gobe, kome kyansa. Na biyu, sunan Sudan ya zama abin talla a kasuwa, mai saye kuwa ba ya da wata shaida sai bakin dillali.

RUWA-BIYU

Na uku shi ne wanda masu dawaki ke ce wa Talon, watau wanda ya haɗa jinin baƙo da na gida. In an yi dace ya kan ɗauko tsawon uba da jimirin uwa, ya zama dokin da mai matsakaicin hali zai iya ciyarwa, ya yi sukuwa da shi, ya kuma yi hawan Salla. In ba a yi dace ba sai ya ɗauko raunin ƙafar wannan da gajartar wancan. A cikin iri huɗun nan babu wanda ya fi shi wuyar hasashe, domin 'yan uba ɗaya ma sukan bambanta ƙwarai. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

ƊAN AREWA

Na huɗu shi ne ɗan gida, wanda ake gani a turke a ƙofar gidajen sarauta, kili ne ko akawal, bikili ko hurde ko danda. Gajere ne in an tsayar da shi kusa da dokin Ingila, takinsa kuma bai kai na wancan ba. Amma kofatonsa yana da tauri, yana rayuwa da harawa da dusa da ɗan gero da kanwa, yana yini cikin rana da mahayi da kayan ado a bayansa, gobe kuma ya tashi garau. Cututtukan ƙasan nan ya san su tun kakanninsa, suna kama shi, amma ba su yi masa kisan da suke yi wa baƙo.

Kada kuwa a ce ba ya gudu. Mutanen Zamfara da Gobir ba su manta da Ɗanfilinge ba, dokin sukuwar Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, wanda makaɗa Ibrahim Narambaɗa ya yi wa waƙar nan da ake kira Dokin Iska. Sunansa ma yana nuna ƙasar Filinge ta Nijar, inda ake kiwon dawaki masu kyau. Wannan ya isa shaida cewa a cikin dawakin Sudaniyya akwai masu ƙafa, in an zaɓa an kuma hore su.

ALƘALAI UKU

Bayan iri, akwai abubuwa uku da ke yanke hukunci a fili. Na farko nisa. Dokin da ya fi kowa a mita 1,000 yana iya zama na baya a mita 2,400, domin wani da zafi yake tashi ya huce da wuri, wani kuma sai an yi nisa yake buɗe ƙirji. A tseren dogon zango, irin wanda ake yin mil 100 a yini ɗaya a Amurka tun 1955, dawakin Larabawa ne ke cin galibin nasara, dokin Ingila ba ya da suna a wurin. Wannan ilmi tsoho ne. Ya zo a cikin Sahihul Buhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tsere a Madina, aka ba dawakin da aka hore zango mai nisa daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a hore ba kuma aka ba su gajere daga Saniyya zuwa masallacin Bani Zuraiƙu. Watau kowane doki da ajinsa da zangonsa.

Na biyu ƙasa. Fili mai yashi yana cin ƙarfin doki mai nauyi, fili mai tauri kamar daɓe yana fasa ƙafar siriri, kwana mai tsanani kuma ta fi yi wa gajere daɗi. Na uku nauyi da horo. A Darbi ta Ingila, wadda ake yi tun 1780, dawaki 'yan shekara uku kaɗai ke shiga, kuma ana auna mahayi da sirdinsa, kimanin kilo 58, kafin tsere da bayansa. Mai kallo a filin Arewa ya dubi girman mahayi kafin ya dubi girman doki. Sa'an nan ya dubi dokin sa'ad da ake zagayawa da shi: wanda gashinsa ke sheƙi, cikinsa a ɗame, yana taka ƙafafunsa huɗu daidai, an yi masa kilisa sosai. Wanda ya jiƙe da gumi tun ba a fara ba, ya riga ya kashe rabin ƙarfinsa. Mai teɓa kuwa na hawan Salla ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

HASASHE

In an sake su huɗun tare a fili mai kyau, daga mita 1,000 zuwa 2,400, kowa da lafiyarsa, dokin Ingila ne zai riga, ɗan Sudan na biye da shi, sa'an nan ruwa-biyu, sa'an nan ɗan Arewa. Dalilin da ya sa ake raba su aji-aji ke nan. Amma in an tambayi wanda zai kasance a turke da ƙafafunsa bayan shekara biyar a fadamar Bakura, sai a juya lissafin daga ƙasa zuwa sama. Tseren da zai fi daɗin kallo kuwa shi ne na ajin ruwa-biyu da na Arewa, inda dawaki ke kusa da juna a ƙarfi, gwanintar mahayi da haƙurin mai kiwo su ne ke rabawa.

ABIN DA YA RAGE

Me ya sa jikan dokin Halab ya tsere wa danginsa na nan? Alƙalami ne ya yi aikin. Tun 1791 wani Bature mai suna James Weatherby ya fara buga littafin nasabar dawaki, aka riƙa rubuta kowane ɗukushi da ubansa da uwarsa, ana kuma rubuta tseren da ya ci, galibi ba a haɗa goɗiya sai da ingarman da ya nuna kansa a fili. Shekara fiye da 200 ana haka. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma sai an san wace ce barewar.

A ƙasan nan kuwa makaɗa ne suka ajiye sunaye. Bakura ce ta haifi Musa Ɗanƙwairo, gidansu kuma makaɗan Sarkin Ƙayan Maradun ne, amma aikin makaɗi yabo, lissafin iyayen doki ba nasa ba ne. Ga shi kuma rashin tsaro da ya addabi Zamfara tun wajen 2011 ya sa hanyoyi sun yi wuyar bi, har a watan Satumba na 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako na wani lokaci. A irin wannan hali in goɗiya ta ƙwarai ta salwanta, ko tsohon da ya san asalinta ya rasu, irin ya tafi ke nan.

Maganin ba ya da tsada. Fadar Sarkin Mafara da ta Sarkin Burmin Bakura da ta Sarkin Ƙayan Maradun suna da masu kula da barga, suna da malamai, kuma mutanen da suka kiyaye salsalar malamansu da ajami ba za su kasa kiyaye ta doki ba. Littafi ɗaya ya isa kowace fada: sunan doki, launinsa, uba, uwa, shekarar haihuwa, nisan da ya gudu da waɗanda ya riga. In aka fara da sukuwar bana, mai sayen doki zai sami abin dogara wanda ya fi bakin dillali, mai goɗiya kuma zai san ingarman da zai kai ta wurinsa. Allah ya sa a hau lafiya a sauka lafiya, amin.