Haɗa murhun gashi da gas ɗin motar RV

Haɗa murhun gashi da gas ɗin motar RV hanya ce da masu yawon shaƙatawa, musamman a Amurka da Kanada, suke bi domin kunna ƙaramin murhun gasa nama na tafi-da-gidanka daga tukunyar gas ɗin da ke jikin motarsu. RV ita ce mota ko tirela da aka ƙera da wurin kwana, kicin da banɗaki, ta yadda iyali za su iya zama a cikinta na kwanaki ko watanni. Mafi yawan irin waɗannan motoci na Amurka ana ƙera su ne a yankin Elkhart da kewayensa, a jihar Indiyana. Galibinsu suna ɗauke da gas ɗin furofen, wanda da shi ake girki, a dumama ruwa da ɗaki, a wasu kuma har firiji da shi yake aiki.

Aikin haɗin ba ya cin lokaci, amma ya rataya ne a kan abu guda: matsin gas ɗin da ke isa kan wuta dole ya yi daidai da wanda aka ƙera murhun a kansa. Idan aka rage matsin sau biyu, wutar takan yi rauni har ta kasa gasa komai. Idan kuma ba a rage shi ba sam, ana iya samun gobara.

Dalilin yin haɗin

Yawancin ƙananan murhunan gashi ana sayar da su ne a shirye don ɗan gwangwanin gas mai nauyin laba 1, wato kimanin giram 465 na furofen, wanda ake jefarwa idan ya ƙare. Laba 1 ta furofen tana ba da zafi kimanin BTU 21,500. Murhu irin Weber Q1200, mai cin BTU 8,500 a awa, zai shanye gwangwani ɗaya cikin awa biyu da rabi idan aka buɗe shi duka. Tukunya mai laba 20, wato kimanin kilo 9, irin wadda ake ɗorawa a gaban tirela, za ta riƙe murhun nan kusan awa 50. Gas ɗin babbar tukunya kuma ya fi araha a kan kowace laba.

Akwai kuma batun shara. Gwangwanayen da aka jefar sukan rage da sauran gas a ciki, abin da ke sa su zama haɗari ga masu kwasar shara da injinan matse ta. Dokar tarayyar Amurka ta hana ɗaukar irin wannan gwangwani a hanya idan an sake cika shi. A 2024 jihar Kalifoniya ta kafa dokar da za ta hana sayar da gwangwanayen furofen da ba a iya sake cika su daga 1 ga Janairu, 2028.

Furofen da matsinsa

Furofen sinadari ne da ake samu wajen tace ɗanyen mai da iskar gas ta ƙasa. Masanin sinadarai Walter Snelling na hukumar ma'adinai ta Amurka ne ya gano shi a cikin tururin fetur a 1910. Yana tafasa a digiri 42 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, don haka a cikin tukunya matsi ne kawai yake riƙe shi a matsayin ruwa. Idan ya fito fili, ruwan yakan zama iska mai ninka girmansa kusan sau 270. Ana cika tukunya zuwa kashi 80 cikin 100 kawai, domin ruwan ya sami wurin faɗaɗa idan rana ta yi zafi.

Matsin cikin tukunya yana bin zafin wuri. A digiri 21 yakan kai kimanin psi 110, a digiri 38 kuma ya haura psi 170. Psi shi ne ma'aunin da masu faci suke auna iskar taya da shi, kuma tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce psi 35 ba. Kayan girkin da ke cikin RV kuwa suna aiki ne da matsin da zai ɗaga ruwa a cikin bututu zuwa tsayin inci 11 kacal, wato kimanin psi 0.4 ko miliba 27. Ke nan matsin tukunya ya ninka wanda kan wuta yake buƙata fiye da sau 250.

Tsarin gas a cikin RV

Tukwanen gas na RV iri biyu ne. Tireloli suna amfani da tukwanen da ake iya saukewa a kai wurin cikawa, masu laba 20 ko 30, waɗanda ake ƙerawa bisa ƙa'idar ma'aikatar sufuri ta Amurka, DOT. Ana sake gwada su bayan shekara 12 da ƙerawa. Motocin da suke da injinsu kuwa suna da tanki a kwance da aka ɗaure a ƙarƙashin mota bisa ƙa'idar ASME, kuma a jikin motar ake cika shi. Tun daga Afrilun 2002 aka wajabta wa tukwane masu laba 4 zuwa 40 na'urar OPD mai hana cikawa fiye da kima. Ana gane su da marikin bawul mai kusurwa uku.

Daga tukunya gas yana shiga regileta, na'urar da ke rage matsi. Ta RV mai hawa biyu ce: hawa na farko yana sauke matsin zuwa kimanin psi 10, na biyu kuma ya sauke shi zuwa inci 11 na ruwa. Daga nan bututu ya rarraba gas ɗin zuwa murhun kicin, firiji da na'urorin dumama. Ƙa'idar NFPA 1192 ce take tsara yadda ake shimfiɗa wannan layi a Amurka.

Motoci da yawa suna da mahaɗin gaggawa a gefensu ko a bayansu: wani baki na tagulla mai faɗin rubu'in inci, da zoben da ake ja baya a cusa kan tiyo, da ɗan bawul a kusa da shi. Wannan baki yana bayan regileta ne, saboda haka gas ɗin da ke fita daga cikinsa mai ƙaramin matsi ne.

Matsalar regileta biyu

Murhun da aka ƙera don gwangwani yana zuwa da tasa regiletar, domin gwangwanin ma matsinsa daidai yake da na babbar tukunya. Regileta tana buƙatar matsin da ke shiga ya fi wanda ke fita sosai kafin ta yi aiki. Idan aka haɗa irin wannan murhu da mahaɗin gaggawa ba tare da an canza komai ba, gas ɗin da aka riga aka rage wa matsi zai sake bi ta wata regiletar. Sakamakon shi ne 'yar wuta mai lilo da iska ke kashewa, ko ma murhun ya ƙi kamawa.

Kishiyar wannan ta fi muni. Murhun da aka cire wa regileta, idan aka haɗa shi kai tsaye da tukunya, gas mai matsin psi 100 ko fiye zai bugi bawul da tiyo da aka yi don ƙasa da psi 1. Wuta na iya tashi sama, tiyo kuma na iya fashewa. Ƙa'idar ita ce a bi layin da ido tun daga tukunya har kan wuta, a tabbatar an rage matsin a wuri ɗaya, ba biyu ba, ba kuma babu ba.

Hanyoyin haɗawa

Hanya ta farko ita ce sayen murhun da aka ƙera tun asali don RV. Ba shi da regileta, bawul kawai yake da shi na ƙara wuta da rage ta, kuma tiyonsa yana shiga mahaɗin gaggawa kai tsaye.

Ta biyu ita ce cire regiletar murhun a sa ɗan mahaɗi a gurbinta. Wannan yana yiwuwa ne idan regileta da makunni a rabe suke. A wasu murhunan an haɗa su a jiki ɗaya, don haka cire regiletar zai bar murhun babu abin da ke daidaita wuta, sai an sayi bawul na musamman. Wasu risho na sansani kuma an ƙera su ne don matsin da ya fi na layin mota nesa ba kusa ba, kuma ba za su yi aiki a kansa ba ko da an cire regiletar. Kamfanoni da dama suna soke garanti idan aka taɓa wannan sashe.

Ta uku ita ce ɗibar gas kafin ya shiga regiletar mota. Ana sa mahaɗi mai reshe tsakanin bawul ɗin tukunya da regileta, irin wanda ake sayarwa da sunan Extend-A-Stay, sannan a ja tiyo mai jure babban matsi zuwa murhu. A nan murhun yana riƙe da regiletarsa. Illar hanyar ita ce dukkan tsawon tiyon yana ɗauke da cikakken matsin tukunya, kuma wasu tiyoyin roba sukan saki maiƙo da ke toshe regileta a hankali.

Ta huɗu ita ce ɗaukar wata tukunya daban da tiyo mai baki biyu: ɗaya na QCC1 mai ɗauruwa da hannu a bakin tukunya, ɗaya kuma mai tiredi irin na gwangwani. Tsofaffin tukwane da tankunan ASME suna amfani da bakin POL, wanda ake ɗaurewa ta hagu, saɓanin noti na yau da kullum.

Matakan haɗawa da mahaɗin gaggawa

1. A ajiye murhun a fili, a kan wuri mai daidai, makunninsa a kashe.
2. A duba tiyo ko ya tsage, ko ya bushe, ko ɓera ya ci shi.
3. A tabbatar bawul ɗin mahaɗin yana rufe, sannan a cire murfin ƙura.
4. A haɗa tiyon da murhu tukuna, sannan a ja zoben mahaɗin baya a cusa ɗaya kan har zoben ya koma wurinsa. A ɗan ja shi a ga ya kama.
5. A buɗe bawul ɗin tukunya sannu a hankali, sannan na mahaɗin.
6. A shafa ruwan sabulu a kowace gaɓa. Idan kumfa ta riƙa tashi, akwai yoyo, sai a rufe gas a gyara.
7. A buɗe murfin murhun kafin a kunna. Idan bai kama ba cikin daƙiƙa 5, a kashe a jira minti 5 gas ɗin ya watse.

Bayan an gama gashi ana fara rufe bawul ɗin mahaɗin, a bar gas ɗin da ke cikin tiyo ya ƙone, sannan a kashe makunni a zare tiyon a mayar da murfin ƙura.

Ba a gwada yoyo da ashana ko laita. Ba a kuma amfani da sabulun da ke da amoniya, domin tana cin tagulla. Tef ɗin gas mai launin rawaya ana naɗa shi ne a kan tiredin bututu kawai. Gaɓar da take da baki mai faɗaɗa kamar mazurari ƙarfe da ƙarfe ne ke rufe ta, tef kuma yana iya hana ta zama daidai.

Matsalolin da aka fi samu

Ƙaramar wuta ba kullum daga regileta biyu take ba. Bakin QCC1 yana da wani ɗan bawul a ciki da ke rage kwararar gas idan ya ji ta yi yawa farat ɗaya, kamar yadda za ta yi idan tiyo ya tsinke. Buɗe tukunya da sauri, ko buɗe ta alhali makunni yana buɗe, yakan sa ya rufe. Maganinsa shi ne a kashe komai, a rufe tukunya, a ɗan jira, sannan a sake buɗewa a hankali.

Tiyo mai tsawo da yawa ma yana rage matsi, tun da abin da ke layin dama kaɗan ne. Yawancin waɗanda ake sayarwa ƙafa 10 ko 12 ne. Haka nan wutar gashi na iya raguwa idan na'urar dumama ɗaki da ta ruwa suka kunna a lokaci ɗaya. Wuta mai kyau shuɗiya ce. Idan ta koma rawaya tana baƙanta tukunya, sau da yawa gizo-gizo ne ya yi saƙa a cikin bututun kan wuta ya toshe hanyar iska.

Haɗura da kariya

Furofen ya fi iska nauyi kusan sau ɗaya da rabi, don haka idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, a ƙarƙashin mota ko cikin rami. Yana kama wuta idan ya kai tsakanin kashi 2 zuwa kusan 10 cikin 100 na iskar wurin. Shi kansa ba shi da wari, shi ya sa ake zuba masa wani sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai domin a gane yoyo. Nauyin furofen ne kuma dalilin da ya sa ake sa na'urar jin gas ta RV kusa da daɓe.

Hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka, CPSC, tana ba da shawarar a ajiye murhun gashi aƙalla ƙafa 10, wato kimanin mita 3, daga gini. Ba a gashi a cikin mota ko tanti ko ƙarƙashin rumfar RV, saboda gobara da kuma iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma tana kisa. Tukunya a tsaye ake ajiye ta domin iska ce ake so ta fito, ba ruwa ba. Ruwan furofen idan ya taɓa fata yana ƙona ta da tsananin sanyi. Murhun da aka ƙera don iskar gas ta bututun gari yana da ramin fitar gas mai faɗi, kuma ba a sa masa furofen sai an canza wannan sashe.

A wasu ƙasashe

A Turai sababbin motoci da tirelolin shaƙatawa suna aiki da matsin miliba 30 bisa ƙa'idar EN 1949. Kafin nan a Birtaniya ana amfani da miliba 37 don furofen da 28 don biyuten, a Jamus kuma akwai tsofaffin motoci masu miliba 50. Motocin Turai ma suna da bakin gas na waje don gashi, amma girman mahaɗinsu ya bambanta da na Amurka.

Gas ɗin girki da ake sayarwa a Najeriya da Nijar dangin wannan ne, gauraye na biyuten da furofen, kuma regiletar da ake maƙala wa kan tukunyar gida aikinta ɗaya da ta RV. Bakin tukwanen dai ba iri ɗaya ba ne da na Amurka, don haka murhun gashin da aka shigo da shi daga can yana buƙatar regileta da tiyo da suka dace da matsin da aka rubuta a jikinsa kafin a kunna shi.