Ko Ka Sani? Wasan da Tukunya Ta Fi Bindiga Daraja a Cikinsa

Ko ka san akwai wasan kwamfuta da ke shaida maka tun a allon farko cewa mutuwa za ka yi, abin da ya rage kawai shi ne a ga ta inda za ta ɓullo? Sunansa Project Zomboid. Wani ƙaramin kamfani, The Indie Stone, ya fara fitar da shi a 2011, ya shiga kasuwar Steam a watan Nuwamba na 2013, kuma har yau ana ta yi masa ƙari. Labarin a jihar Kentoki ta Amurka yake, cikin Yulin 1993. Annoba ta ɓarke, sojoji sun killace yankin, mutanen garuruwa irin su Muldraugh da West Point sun rikiɗe sun zama gawarwaki masu yawo, waɗanda 'yan wasa ke kira zombi. Cizo ɗaya ya gama da mutum, babu magani.

Sabon shiga bindiga yake nema ido rufe, bai san ƙararta ce za ta tara masa gawarwakin unguwa kaf ba. Tsohon hannu kuwa, in ya faɗa gidan da masu shi suka gudu, kicin yake dosa: tukunya, ashana, mabuɗin gwangwani. Ya san abin da ke tafe. A tsarin wasan na asali, lantarki da ruwan famfo suna ɗaukewa wata rana cikin kwana 30 na farko, ba sanarwa, kuma ba su dawowa. Mu da ɗauke wuta ba baƙonmu ba ne muna iya yin murmushi, amma gidan Ba'amurke na 1993 komai nasa a jikin waya yake rataye. Firiji ya tsaya, naman ciki ya fara wari, murhun girki ya zama ƙarfen banza. Daga ranar sai wutar itace.

Haɗa ta ba danna maɓalli ɗaya ba ne. A tsarin da aka daɗe ana bugawa, wato Build 41, sai ka samo katako uku ko gungume biyu, ka haɗa da abin da zai kama da wuri, kamar tsumma ko jarida, ka girka a ƙasa. Sannan ka zuba makamashi: itace, katako, tsofaffin tufafi, har littafin da ka gama karantawa. Gungume ya fi katako daɗewa yana ci. In kana da ashana ko laita, ka huta. In babu, sai ka koma dabarar mutanen farko: ka huda katako da wuƙa ko sukundireba, ka dinga murza sanda a ramin har hayaƙi ya tashi. Murzar tana cin ƙarfin ɗan wasan, wani lokaci ma sandar ta karye wuta ba ta kama ba, ga duhu yana shigowa.

Abin da ya fi burge ni shi ne wutar ba ta san mai ita ba. Ka taka ta, ka ƙone. Ka hura ta cikin ɗaki, gidan da ka yi makonni kana toshe tagoginsa yana iya tashi ƙurmus da duk abin da ka tara. Zombi in ya bi ta kanta ba ya faɗuwa nan take, tafiya yake ci gaba da yi yana ci da wuta, yana shafa wa 'yan'uwansa, da shinge, da ginin da ke kusa. Wasu 'yan wasa da gangan suke tara ɗaruruwan gawarwaki da ihu ko jiniyar mota, su zagaya da su ta kan wuta. Dabarar tana ci, amma sau da yawa rabin gari ne ke biyan kuɗinta, shi ya sa masu kula da filayen wasan taro a intanet da dama suke kashe yaɗuwar gobara tun daga saiti. Ko lokacin da lantarki ke nan ma ba a tsira ba: abinci in aka manta shi a murhu yana iya tada gobara, haka ƙarfe a cikin maikurowef.

Aikin wutar na farko ma ba girki ba ne, tafasa ruwa ne. Ruwan kogi, na tafki, da na saman da aka tara a ganga, duk wasan yana ɗaukarsu gurɓatattu. Ka sha haka nan, ciwo ya kama ka. Ka yawaita, ka mutu ba zombi ko ɗaya da ya taɓa ka. Sai an ɗora tukunya ko buta. A nan wasan bai yi ƙarya ba, tafasawa tana kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwa.

Shi kansa girkin akwai lissafi. Ɗanyen nama yana sa cuta, dafaffe yana ƙosarwa, wanda ya wuce lokacinsa a wuta ya ƙone ya rage amfani. Ana iya cika tukunya da ruwa a yi miya ko farfesu, a jefa abin da aka samu ɗaya bayan ɗaya, a sa gishiri da barkono. Wasan yana auna ƙiba da rama, yana ƙirga kuzari da maiƙo da sauran sinadaran abinci, don haka wanda ya dogara da 'ya'yan itatuwan daji kaɗai zai ga nauyinsa yana zubewa ko da cikinsa a cike yake. Sai ya koyi kamun kifi da ɗana tarko. Har damuwa ana aunawa. Mutumin da ke cin tsutsa ko abincin kare yana rayuwa, amma ransa a ɓace, mai ɓacin rai kuma komai nasa a sanyaye yake yi. Kwano ɗaya na miya mai kayan haɗi iri-iri yana wanke wannan, in dai ba abu guda aka yi ta maimaitawa a tukunyar ba.

Gwanintar girki mataki goma ce. Wanda ya zaɓi sana'ar kuku tun farko ya fara da rinjaye. Sauran kuwa akwai wata hanya da sababbi ke yawan kuskurewa: a kwanakin farko, kafin tashoshi su yi shiru, tashar talabijin ta Life and Living tana nuna shirin girki da ƙarfe 6 na safe, kuma kallonsa kawai yana ƙara gwaninta. Sai dai a rage murya, don gawarwakin waje suna ji. Wanda ya kai mataki na 7 kuma an yarje masa abin da zai kashe waninsa: ya ɗebi kaɗan daga ruɓaɓɓen abinci ya jefa a miya, a ci lafiya.