Yadda Rufe Iyakar Nijar Ya Tsare Makaɗan Agadas a Amurka

Duk manomin da ke tsakanin Dawakin Tofa da Dambatta yana iya tuna daminar 1445, watau shekarar 2023, lokacin da aka rufe iyakar Nijeriya da Nijar. Motocin da suka saba ɗaukar hatsi daga kasuwar Dawanau su bi ta Kazaure da Daura zuwa Damagaram suka tsaya cik. Amma ba fatake kaɗai abin ya rutsa da su ba. A can Amurka ma ya tsare waɗansu makaɗa uku 'yan Nijar, suka wayi gari babu hanyar komawa gida.

Makaɗan nan su ne ƙungiyar Mdou Moctar. Shugabansu, wanda sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Buzu ne daga ƙasar Tawa, amma a Agadas ya yi suna wajen kiɗan biki. Bahago ne, kuma jitarsa ta fari da hannunsa ya harhaɗa ta, ya yi mata tsarkiya da wayar birkin keke. Abokan aikinsa su ne Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu, da Souleymane Ibrahim mai ganguna, sai wani Ba'amurke, Mikey Coltun, wanda ke kaɗa babbar jita, shi ne kuma mai tsara musu faifai.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a ƙasar Hausa aka ɗauki waƙoƙinsa na farko. A 2008 ya zo Sakkwato ya yi faifan da ake kira Anar, aka gyara muryarsa da na'ura irin yadda ake yi wa waƙoƙin finafinan Kano. Faifan bai shiga kanti ba a lokacin. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo cikin Sahara, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ji ɗaya daga cikin waƙoƙin, ya shiga neman mai ita. Ta haka kamfanin Sahel Sounds ya fito da shi duniya.

A watan Mayu na 2021 kamfanin Matador ya fitar da faifansu Afrique Victime, wanda ya ɗaukaka su ƙwarai a Turai da Amurka. To, amma suna daban, abin sakawa a bakin salati daban. A zamanin nan cinikin faifai ba ya riƙe makaɗi, sai yawon wasa gari gari. Ga kuɗin jirgi, ga wahalar biza ga mai fasfo na Afirka, ga iyali can gida suna jiran aike. Haka suka yi ta yawo, sai a ƙarshen 2022 suka keɓe kwana biyar a wani gida a jihar New York, suka ɗauki sabon faifai. Waƙoƙin da ke ciki masu zafi ne: akwai mai kokawa da yadda harshen Buzaye ke neman ɓacewa a bakin yara, akwai mai tuhumar Faransa, wadda ta shekara da shekaru tana kwasar yuraniyom a Arlit alhali ƙauyukan Nijar suna kwana cikin duhu.

Faifan bai kai ga fita ba sai ƙasa ta rikice. Ran 26 ga watan Yuli 2023 sojojin fadar shugaban ƙasa suka tsare Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tchiani ya karɓi mulki. Bayan kwana huɗu ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Nijeriya ta yanke mata wutar lantarki, aka shiga maganar tura soja. Ran 6 ga Agusta sojojin Yamai suka rufe sararin samaniyar ƙasar. A daidai wannan lokaci ƙungiyar tana yawon wasa a Amurka.

Wanda bai taɓa zama baƙo ba ba zai gane nauyin wannan hali ba. Wasa ya ƙare, kuɗin masauki bai ƙare ba, mata da 'ya'ya kuwa suna inda ake raɗe-raɗin yaƙi. Sai da aka kafa asusun neman taimako ta intanet, masoya suka yi karo-karo don biyan masauki da abinci.

Zaman jira ya yi musu yawa, sai suka shiga ɗakin ɗaukar sauti a unguwar Brooklyn, suka zauna wuri ɗaya, suka sake kaɗa waƙoƙin nan da jita marar lantarki. Wanda ya saurari ɗaukar biyu zai ji bambanci nan da nan. Ta farko faɗa ce da tsawa, ta biyun kuwa muryar mutum ce mai kewar gida, kuma a kunnen Bahaushe ta fi kusa da kiɗan gurmi na dare.

An sake buɗe sararin samaniyar Nijar ran 4 ga Satumba, daga baya makaɗan suka sami komawa. Mdou Moctar ya bayyana wa manema labarai cewa shi bai goyi bayan juyin mulki ba, amma kuma bai taɓa son zaman Faransa a ƙasarsa ba. Sojojin Faransa sun gama ficewa a watan Disamba na wannan shekara.

ECOWAS ta janye takunkumi a watan Fabrairu 2024, Nijeriya ta buɗe nata gefen iyaka a watan Maris. Ran 3 ga Mayu faifan farko ya fito da sunan Funeral for Justice, watau jana'izar adalci, har waɗansu suka zaci juyin mulkin ne ya haife shi, alhali ya riga shi da wata bakwai. Na Brooklyn, mai suna Tears of Injustice, ya biyo baya a watan Fabrairu 2025, wata guda bayan Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ECOWAS.